Motar alfarma tana cinye kuɗin gidana: in gyara ko in sayar?

Tambaya

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ke nan da na sayi Mercedes-Benz S350 ƙirar 2007, ta hannu, a kan kuɗin da bai wuce na ƙaramar mota mai ɗan sabunta ba. Yanzu kullum da safe sai in tarar gabanta na hagu ya durƙusa har taya na neman taɓa bodi, in na tayar da ita sai wani abu ya yi ta gurnani kafin ta miƙe. Wani lokaci giya takan maƙale a wuri ɗaya sai na kashe na sake kunnawa, fitilar inji a kunne take, batir kuma ba ya kwana uku bai mutu ba. Makanikena, wanda ya shekara takwas yana gyara mini tsohuwar motata, ya cire tamostat, ya zuba mata baƙin mai mai kauri, yanzu kuma ya ce a cire jakunkunan iskar da motar ke zaune a kansu a sa sifirin. Sau biyu ina taɓa kuɗin makarantar yara ba da sanin maiɗakina ba, ta kuma gano, yau kwana goma ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. In na sayar ina jin kunyar abokai. Wani abokina ya ce a goge fitilun gargaɗi da kwamfuta, in tayar da ita ta miƙe kafin mai saye ya iso, in rabu da ita kawai. Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ba durƙusawar motar ba ce, kwana goman nan ne da kuka yi kai da maiɗakinka ba ku magana. Duk da haka da motar zan fara, domin ba za ka iya zama gaban matarka ka gaya mata gaskiya ba alhali kai kanka ba ka san gaskiyar ba. Wata goma sha ɗaya kana zuba kuɗi a kan alamomin ciwo, amma daga bayaninka babu wanda ya taɓa zama ya binciki motar nan daga gaba har baya ya gaya maka ainihin abin da ke damunta da abin da zai ci kafin ta warke.

Akwai abu guda da nake so ka riƙe, domin duk sauran maganata a kansa take tafiya. Farashin motar alfarma yana faɗuwa da sauri fiye da na yawancin motoci, amma kuɗin kula da ita ba ya bin farashin ƙasa. Motar da ke ƙofar gidanka tana cikin jerin da kamfanin ya ƙera daga 2005 zuwa 2013, wanda masu harkar ke kira W221, kuma a zamaninta ita ce ƙololuwar abin da yake sayarwa a manyan motocin zama. An ƙera ta ne domin mutumin da ba zai tambayi kuɗin sabis ba. Shekaru sun rage mata daraja a kasuwa, amma ba su rage nauyinta na kusan tan biyu ba, ba su rage lita takwas na baƙin man da injinta ke sha a kowane juye ba, ba su kuma rage yawan kwamfutocin da ke cikinta ba. Arahar da ka samu ranar saye ba kyauta ba ce. Wanda ya sayar maka ya san gyare-gyaren da suka taru, ya zaftare su daga farashi ya bar maka su gado. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai kai ba a nuna maka ramukan ba. Ban faɗi wannan don in zarge ka ba, mutane da yawa masu hankali sun faɗa wannan tarko, domin motar tana da daɗin tuƙi har mutum ya mance da lissafi.

Mu ɗauki durƙusawar, tunda ita ce ke tarbar ka kowace safiya. Motarka ba a kan sifirin ƙarfe take zaune ba, a kan iska take zaune. Tsarin da kamfanin ke kira Airmatic, wanda ya fara sa wa manyan motocinsa a 1998, ya ƙunshi jakar roba mai ƙarfi a kowace ƙafa, haɗe da shokozoba, da kwamfaresa mai hura iska, da tankin ajiye iskar, da akwatin bawul mai raba ta zuwa ƙafafu huɗu, da na'urori masu auna tsayin mota daga ƙasa suna kai wa kwamfuta rahoto. Roba kuwa tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Jakar da ta haura shekara goma sha biyar tana lanƙwashewa tana miƙewa dole ta fara tsattsagewa a wurin lanƙwasar, iska ta riƙa sulalewa cikin dare. Wannan ba mugun ciwo ba ne, tsufa ne irin na taya.

Kana iya tabbatar da wannan da kanka ba tare da ka biya kowa ba. Da daddare ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, ka ɗauki tef ɗin awo ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodin da ke samanta, ka rubuta lambobin huɗu a takarda, da safe kafin ka buɗe ƙofa ka sake aunawa. Idan ƙafa ɗaya ce kawai ta sauka, mafi yawan lokaci jakar wannan ƙafar ce ko bututun da ke kai mata iska; idan kuwa gaban duka ko motar gaba ɗaya ta sauka, to a duba akwatin bawul da manyan bututu. Sannan ka buɗe bonet, ka kaɗa ruwan sabulu ka zuba a saman ƙafar da ake zargi, daidai inda siririn bututun ya shiga. In akwai yoyo a nan za ka ga kumfa tana tasowa ƙanana-ƙanana, tana fashewa tana sake tasowa. Amma ina roƙonka da girman Allah, kada kai ko wani yaro ya shiga ƙarƙashin motar nan, ko ya cusa hannu tsakanin taya da bodi, sai an tokare ta da ƙarfen tokara, domin motar da ke kan iska tana iya sauka a kan mutum ba tare da gargaɗi ba.

Gurnanin da kake ji kwamfaresa ce take ƙoƙarin cika abin da ke zuba. An yi ta ne ta yi aiki na ɗan lokaci ta huta, ba ta yi ta hurawa kamar mai cika tulu mai huji ba. Duk safiyar da ka tilasta mata ɗaga motar, kana rage mata kwana, kuma ranar da ta ƙone gyaran abu ɗaya ya zama na biyu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Saboda haka ka ajiye motar daga yau har a duba ta, musamman in jan gargaɗi ya fito a allo cewa ta yi ƙasa da yawa. In an tashi canza jakar, a canza ta hagu da ta dama tare, tunda sa'o'in juna ne kuma wadda ba ta fashe ba tana kan hanya. In kwamfaresar ta riga ta gaji, a canza ta tare da ɗan rilen, wato makunnin lantarkin da ke kunna ta, domin rilen da ya maƙale yana iya ƙona sabuwa cikin kwanaki.

Game da shawarar sa sifirin, ba zan ce maka haramun ba ne, amma sai an bambance abu biyu. Akwai kamfanonin da ke ƙera saitin sifirin musamman domin wannan ƙirar mota, an auna shi da nauyinta, ya zo da 'yar na'urar da ke hana kwamfuta kuka. Wanda ya sa irin wannan ya huta da yoyon iska, amma ya rasa laushin tafiyar da ya sa ya sayi motar tun farko, ya rasa daidaita kanta da take yi in an yi mata lodi, kuma darajarta a wurin mai saye masani ta ragu. Akwai kuma abin da na fi tsoro, wato a samo sifirin wata mota dabam a yanke a yi walda a cusa. Motar da ta kai wannan nauyi, mai iya gudu irin nata, in ƙafafunta ba su dace da ita ba, ranar da ka taka birki da ƙarfi a kwana za ka gane, kuma iyalinka na iya kasancewa a ciki. Ka tambayi makanikenka wanne yake nufi. In na biyun ne, amsata a'a ce, babu sassauci.

Batir kuma kada ka raina shi, domin a irin wannan mota shi ne uwar rikici. Kwamfutocin da ke cikinta da dama ne, na inji dabam, na giya dabam, na birki, na ƙofofi, na kujeru, na fitilu, duk suna zance da juna ta wayoyi biyu a kan tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch ya ƙirƙiro a shekarun 1980, kuma kakar motarka ta 1991 tana cikin na farko da suka fito da shi. In wuta ta yi ƙasa, waɗannan kwamfutoci sukan fara kawo ƙarar ƙarya a kan juna, sai ka ga fitilu iri-iri a allo alhali abin da suke zargi lafiyarsa ƙalau. Motocin farkon jerin W221 irin taka batir biyu gare su, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na ciyar da sauran kayan lantarki, don haka a gwada duka biyun. Mutuwar batir cikin kwana uku kuwa tana nuna akwai abin da ba ya barci bayan an kulle mota. Ƙwararren mai wayarin zai kulle ta, ya jira kwamfutocin su yi barci, ya auna wutar da ke fita, wadda bai kamata ta wuce 'yan gomomin miliamfiya (ƙaramin ma'aunin wutar lantarki) ba, sannan ya bi layi-layi har ya kama ɓarawon. Sau da yawa wani abu ne da aka ƙara daga baya, kamar na'urar bin sawu ko rediyo, ko kuma ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba.

Wannan na ruwan na gan shi da idona a wata mota da na taɓa riƙewa. Wata uku ina fama da fitilun da ke kunna kansu da gilashin da ke ƙin hawa, an canza mini batir, an canza fiyus, abin bai daina ba. Ranar da na kai ta wurin wani dattijon mai wayarin, bai ko taɓa kwamfuta ba, sai ya durƙusa ya ɗaga kafet ɗin ƙasan kujerar gaba ya danna soson da ke ƙarƙashi da tafin hannu, ruwa ya fito tsakanin yatsunsa. Ya zura siririyar waya a magudanar da ke gindin gilashin gaba, ya zaro ruɓaɓɓen ganye cike da hannu, sai ga ruwa yana tsiyaya ƙasa kamar an buɗe famfo. Ganyen bishiyar da nake ajiye motar a ƙarƙashinta ne ya toshe hanya, ruwan ya koma ciki ya kwanta a kan mahaɗar wayoyi. Ka sa hannu ka taɓa ƙasan kafet ɗinka da cikin but, ka kuma sa a busa magudanan rufin da ke buɗewa in motarka tana da shi.

Yanzu sai maganar makanikenka, kuma zan yi ta da ladabi, domin mutumin da ya riƙe maka amana shekara takwas ba abin yarwa ba ne. Amma abubuwa biyun da ya yi kuskure ne, kuma sun nuna cewa motar nan ta wuce inda saninsa ya tsaya. Tamostat ba shi ke kawo zafi ba, aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90 ko sama da haka kaɗan, sannan ya buɗe ruwan ya zagaya lagireto. In an cire shi, injin yakan daɗe bai yi ɗumi ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu da sanyi ta yi ta ƙara fetur, man ya ƙaru a sha, ragowar da ba ta ƙone ba ta wanke bangon silinda ta gangara cikin baƙin mai ta tsinka shi, ta kuma lalata matatar hayaƙin da ke cikin salansa. In motar tana zafi ne aka cire shi, to an rufe bakin mai kuka ne ba a yi maganin ciwon ba. A duba fanka da famfon ruwa da lagireto da murfinsa. A mayar da tamostat sabo, a kuma zuba ruwan sanyaya inji na ainihi gauraye rabi da rabi, ba ruwa zalla ba, domin injin na alminiyam ne kuma ruwa zalla yana cin sa daga ciki.

Baƙin mai mai kauri shi ma dabara ce ta tsofaffin injuna masu faɗin rami. Injinka yana amfani da matsin mai wajen juya lokacin buɗewar bawul da kuma ɗaure sarƙar taimin, wato sarƙar da ke daidaita lokacin inji, ta ƙananan hanyoyin da mai kauri ba ya saurin ratsawa, musamman a daƙiƙun farko bayan an tayar, lokacin da inji ya fi cin kansa. Kamfanin yana da lambar amincewa da yake bai wa man da ya dace, 229.5, ana rubuta ta a bayan galan, kuma galibi za ka same ta a kan mai 0W-40 ko 5W-40. Ka nemi wannan lamba, ba sunan kamfanin mai kawai ba, ka kuma sa filta mai kyau. Ba sai kun yi faɗa da makanikenka ba. Ka gaya masa cewa za ka kai ta a yi mata gwajin kwamfuta wurin masu irinta. Makanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan.

Giyar motarka mai hawa bakwai ce, wadda suke kira 7G-Tronic, ta fara fitowa a 2003. Maƙalewa a giya ɗaya har sai an kashe an kunna dabara ce da giyabos ke yi don kare kansa in ya ga abin da bai gane ba. A wannan giyabos, sanannen dalili shi ne na'urorin auna gudu da ke kan farantin lantarkin da ke cikinsa, kuma ana iya gyara farantin ko a canza shi a daidaita shi da motar ta kwamfuta, ba tare da an sauke giyabos gaba ɗaya ba. Don haka duk wanda ya ce maka a sayo wani giyabos kafin ya karanta abin da kwamfutar ta rubuta, ka ɗauki makullinka ka tafi. Ka kuma tambaya yaushe aka taɓa canza man giya, domin ya kamata a yi hakan wajen kilomita 60,000, da filtarsa. Man ma iri biyu ne, ja mai lamba 236.14 na motocin shekarun taka, da shuɗi mai lamba 236.15 na waɗanda suka biyo baya, kuma ba a musanya su. Giyabos ɗin ba shi da sandar awo, daga ƙasa ake cika shi a wani ƙayyadadden zafi, wanda shi kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba aikin kowane gareji ba ne.

Fitilar inji ita ce na fi so a fara karantawa, domin amsarta na iya yanke maka hukunci gaba ɗaya. Injin V6 mai lita 3.5 da ke cikin motarka, wanda ake kira M272, na shekarun farko an san shi da wani haƙorin ƙarfe da sarƙar taimin ke bi ta kansa, a kan sandar da ke hana inji girgiza, wanda ke saurin cinyewa. In ya cinye, lokacin inji yakan goce, kwamfuta ta rubuta lambar P0016 ko P0017, gyaransa kuma sai an sauke inji. Daga baya an inganta ƙarfen, kuma da lambar injinka ake gane ko naka na kafin gyaran ne ko na bayansa. Sai dai waɗannan lambobi suna iya fitowa saboda ƙananan maganaɗisun da ke gaban inji, masu sauƙin kuɗi da sauƙin canzawa, ko ma saboda man da bai dace ba irin wanda aka zuba maka. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazarar da ta kai ta riƙe mota da rabuwa da ita, shi ya sa ba na son kowa ya yi maka hasashe.

Abin da za ka yi ke nan: ka nemi garejin da aikinsa irin waɗannan motoci ne, mai na'urar gwaji ta kamfanin, wadda ake kira Star ko Xentry. 'Yar ƙaramar na'urar da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari yawanci inji kawai take ji, ba ta jin ƙafafu da giya da sauran kwamfutoci yadda ya kamata. Ka biya kuɗin bincike kaɗai, ka faɗa musu tun farko cewa yau ba gyara ka zo ba. A ɗaga motar sama ka shiga ƙarƙashi tare da su, a nuna maka kowane yoyo da kowace roba da ta tsage, a duba kaurin birki, a kuma gwada ko kilomitan da ke allo sun yi daidai da abin da sauran kwamfutocin suka ajiye. Ka karɓi sakamakon a rubuce, da kuɗin kowane aiki dabam-dabam. Alamar garejin kirki ita ce su iya gaya maka dalilin da ya sa suke zargin abu kafin su ce a saya. Wajen kayan gyara kuma, tsakanin na cikin kwalin kamfani mai tsada da jabu mai araha akwai hanya ta uku, wato kayan kamfanonin da su ne ke ƙera wa masu motocin tun asali, irin su Bosch da Lemförder da Bilstein da Mann. A wuraren da rai ya rataya, wato birki da sitiyari da ƙafafu, kada ka sa abin da ba ka san asalinsa ba.

In takardar ta zo hannunka, ka raba ta uku da biro. Na farko abin da ya shafi rai: ƙafafu, birki, da man birki wanda ake canzawa duk shekara biyu saboda yana shan danshi, da tayoyi. Ka duba gefen kowace taya, lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tayar da ta doshi shekara goma ta gama aiki ko da zanenta bai goge ba. Na biyu abin da in an bar shi zai haifi babba, kamar tamostat da man giya da yoyon mai da ruwan da ke shiga ciki. Na uku abin da zai iya jira har abada, kamar kujerar da ta daina tausa ko labulen baya da ya maƙale. Ka haɗa kuɗin na farko da na biyu, wannan shi ne bashin da tsohon mai ita ya bar maka, sau ɗaya za a biya. Sannan ka lissafa na kowace shekara, juye da taya da birki da fetur da inshora, ka ƙara wani abu domin abin da ba a zata ba, domin mota mai waɗannan shekaru ba ta rasa shi. Tambayar da za ka yi wa kanka ɗaya ce: zan iya biyan wannan daga abin da ya rage bayan abinci da makaranta da magani da ɗan ajiya, ba tare da rance ba? In amsar e ce, ka riƙe ta ka more ta, domin in an kula da ita mota ce mai daɗi ƙwarai. In a'a ce, ko kuma aka tabbatar sai an sauke inji, ka sayar. Kada kuɗin da ka riga ka kashe su riƙe ka, sun tafi ko ka riƙe ko ka sayar.

Amma wannan lissafi ba kai kaɗai za ka yi shi ba, kuma a nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Maiɗakinka ba motar take fushi da ita ba. Abin da ya yi mata ciwo shi ne an taɓa kuɗin 'ya'yanta, an kuma ɓoye mata, ta gano da kanta. Mace takan jure rashi tare da mijinta shekara da shekaru, amma ɓoye-ɓoye yana sa ta fara tambayar kanta me kuma ba ta sani ba. Kada ka jira sai an gyara mota kafin ka gyara wannan. Ka same ta a lokacin da yara suka yi barci, ka ba ta haƙuri ba tare da ka haɗa da wani uzuri ba, ka faɗa mata adadin abin da ka ɗauka, dukansa, har da wanda ba ta gano ba in akwai, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka gaya mata yadda za ka mayar da kuɗin da kuma yaushe, kuma mayar da su ya riga kowane gyara, ko da motar za ta yi wata biyu a rufe da tamfol. In ta yi magana mai zafi ka jure, tana da gaskiya. Bayan haka ka nuna mata takardar gareji ku yanke hukunci tare, kuma in kun amince a riƙe motar, a ware mata asusunta dabam wanda in ya ƙare sai ta jira, ba a tsallaka zuwa wani.

Kunyar abokai kuwa ba zan daɗe a kanta ba. Waɗanda kake jin kunyarsu ba su biya maka ko filogi ɗaya ba, kuma waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan mota a cikinsu su ne za su fara fahimtarka. Kwana kaɗan za a yi ana maganar a wuce.

Shawarar abokinka ta goge fitilu kuwa, ka yar da ita. Algus ne, kuma ba ƙaramin haƙƙi ba ne, domin wanda zai saya zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya hau babbar hanya da ƙafar da ka san tana zubar da iska. Ka tuna yadda ka ji a safiyar farko da ka ga motar a durƙushe, ka tuna abin da ka ce a ranka game da wanda ya sayar maka. Ko ta fuskar ciniki ma dabarar ba ta da ƙarko, domin mai saye da ya zo da na'ura zai ga cewa ba a daɗe da goge ƙwaƙwalwar inji ba, daga nan kuma ba zai ƙara yarda da kalmarka ko ɗaya ba. In za ka sayar, hanya biyu ce mai tsabta. Ko ka gyara abin da ya shafi rai ka sayar da rasit a hannu, ko ka sayar da ita yadda take, ka miƙa wa mai saye takardar binciken ka rage farashi daidai da ita. Akwai masu neman irin wannan, makanikai da masu sha'awar da ke gyara da hannunsu, kuma sun fi son motar da aka faɗa musu ciwonta a kan wadda aka yi wa kwalliya.

In kuwa lissafi ya ba ka damar riƙewa, ka sayi ɗan littafi ka ajiye a cikin motar, kana rubuta kowane aiki da ranarsa da kilomitansa da irin man da aka zuba. Ka riƙa juye da wuri in yawan tafiyarka gajeru ne ko cikin cunkoso da ƙura, ka ba ta fetur mai ingancin da aka rubuta a murfin tanki, ka kuma riƙa fita da ita doguwar hanya lokaci-lokaci, domin dogon zama yana kashe batir yana busar da roba. Duk sabon sauti ko sabuwar fitila, a karanta ta a makon da ta fito.

Daren yau ka yi awon ƙafafun nan huɗu, ka kuma yi magana da maiɗakinka kafin ka kwanta. In takardar gareji ta fito, ka aiko mini da abin da aka rubuta a kan fitilar inji da lambar injin, mu duba tare kafin ka ba kowa izinin kwance ko da noti ɗaya. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya kuma mayar maka da abin da ka kashe.